Roderick Haig-Brown: Masuncin da ya zama alƙali, ya ƙare rayuwarsa yana kare koguna

A gabashin tsibirin Vancouver da ke yammacin ƙasar Kanada akwai wani gari mai suna Campbell River, wanda ya ci sunan kogin da ke gangarawa teku ta gefensa. A bakin kogin akwai wani tsohon gidan katako mai lambu, wanda har yau baƙi ke zuwa gani. Mutumin da ya shafe shekara 40 a cikinsa, Roderick Haig-Brown, bai taɓa riƙe kujerar siyasa ba, bai kuma tara dukiya ba. Masunci ne mai fatsa, marubuci, kuma alƙalin ƙaramar kotun garin.

Duk da haka, a duniyar masu kamun kifin tirawut da ɗan'uwansa da Turawa ke kira steelhead, wato mai-kan-ƙarfe, da wuya a lissafa manyan marubuta biyar ba a sa sunansa ba. Ya fara ne a matsayin yaro mai son kama kifi, ya yi aikin ɗan jagora yana kai baƙi inda kifi yake, sannan ya wayi gari yana faɗa da gwamnati da kamfanoni a kan ruwan da kifin ke rayuwa a ciki. Wasu faɗace-faɗacen ya sha kaye, wasu ya yi nasara, amma tunanin da ya dasa shi ne ke riƙe da sana'ar 'yan jagora a kogunan yankin a yau.

Maraya a gidan kaka

An haifi Haig-Brown ranar 21 ga Fabrairun 1908 a garin Lancing da ke yankin Sussex a kudancin Ingila. Gidansu gidan boko ne. Kakansa na wajen uba, William Haig Brown, ya shugabanci shahararriyar makarantar Charterhouse fiye da shekara 30. Mahaifinsa, Alan Haig-Brown, malami ne a kwalejin Lancing, marubuci ne kan farauta da kamun kifi, kuma ɗan ƙwallon ƙafa da ya taɓa buga wa Tottenham Hotspur da Clapton Orient wasa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba yaron da mahaifinsa. Alan, wanda ya kai muƙamin laftanar kanal, ya rasu a fagen daga a Faransa a watan Maris na 1918, lokacin Roderick yana da shekara 10. Daga nan rainonsa ya koma hannun dangin mahaifiyarsa, Violet Pope, a yankin Dorset. Kakansa na wajen uwa, Alfred Pope, attajiri ne mai kamfanin giya a garin Dorchester, kuma yana da gida da fili a bakin kogin Frome.

A wannan kogi ne yaron ya koyi fatsa a hannun kawunansa. Frome kogi ne mai ruwa garai-garai da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin farin dutse, yana tafiya a hankali tsakanin makiyayai. Kifin tirawut da ke cikinsa yana ganin mutum tun daga nesa, saboda haka dole mai fatsa ya koyi sanɗa, da haƙuri, da lura da irin ƙwarin da kifin ke ci a kowane wata. Haka kuma ruwan yana da masu shi: a Ingila mai fili ne ke da ikon kamun kifi a ɓangaren kogin da ya ratsa filinsa, talaka kuwa sai kallo. Wannan bambanci ya zauna masa a rai, domin daga baya ya zama mai kare haƙƙin kowa da kowa na shiga kogi.

Daga makaranta zuwa dajin katako

An sa shi a Charterhouse, makarantar da kakansa ya shugabanta, amma bai gama ba. An kore shi saboda shan giya da satar fita. Ya so shiga aikin mulkin mallaka na Birtaniya, aka ce shekarunsa ba su kai ba. Domin kada ya zauna haka nan, sai aka tura shi Seattle a jihar Washington ta Amurka wajen wani kawunsa, wanda ya sama masa aiki a sansanin masu saran katako. Bai kai shekara 20 ba a lokacin.

Ɗan gidan masu hali da ya saba da lambu da shayin la'asar sai ga shi cikin ƙarti majiya ƙarfi, a dajin da itatuwansa suka shekara ɗaruruwa. A kusa da sansanin akwai wani rafi mai suna Deer Creek da ke zuba cikin kogin Stillaguamish, kuma a nan ne ya fara haɗuwa da mai-kan-ƙarfe. Shekaru bayan haka, saran itatuwan da aka yi a kan tuddan da ke kewaye da rafin ya sa ƙasa ta riƙa zaftarewa tana cika shi da laka, kifin ya ragu ƙwarai. Aikin da ya kai shi wurin kifin shi ne kuma ya lalata gidan kifin.

Da bizarsa ta Amurka ta ƙare a 1927, sai ya tsallaka zuwa lardin British Columbia na Kanada, ya sauka a yankin tafki da kogin Nimpkish a arewacin tsibirin Vancouver, ƙasar al'ummar 'Namgis waɗanda suka dogara da kifin salmon tun kaka da kakanni. Ya yi kusan shekara uku a can yana aikin katako, yana ɗana tarkon namun daji, yana su na sayarwa a teku, yana kuma yi wa baƙi masu fatsa jagora idan sun samu. Ya koma Landan, inda littafinsa na farko, Silver, wanda ke ba da labarin rayuwar wani kifin salmon, ya fito a 1931, yana ɗan shekara 23. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai zaman birni bai karɓe shi ba, ya sake haɗa kayansa ya koma tsibirin Vancouver, kuma daga nan can ya zama gida.

Wane irin kifi, wace irin fatsa?

Domin a gane abin da ya sa sunansa ya yi nisa, sai an san kifin da kuma yadda ake kama shi.

Mai-kan-ƙarfe asalinsa tirawut ne mai jan zane a gefe, irin wanda ke zaune a kogunan yammacin Amurka ta Arewa. Bambancin shi ne wasu daga cikin irin ba sa zama a kogi. Ana ƙyanƙyashe su a cikin tsakuwar rafi, su yi shekara biyu ko uku a ruwan daɗi, sannan su gangara tekun Fasifik. A teku sukan yi shekara ɗaya zuwa uku suna ci suna girma, jikinsu ya koma fari fat kamar azurfa, bayansu ya yi launin ƙarfe. Daga nan su juyo su nemi ainihin rafin da aka haife su domin zuba ƙwai. Wanda ya zauna a kogi ba ya cika wuce kilo ɗaya ko biyu, amma wanda ya je teku ya dawo yakan kai kilo 5, wani ma ya haura kilo 9. Kifayen salmon na Fasifik suna mutuwa da zarar sun zuba ƙwai, shi kuwa mai-kan-ƙarfe yana iya komawa teku ya sake dawowa. Akwai masu shigowa kogi a lokacin zafi, akwai masu shigowa a tsakiyar hunturu.

Ita kuma fatsar da Haig-Brown ya shahara da ita ba irin wadda ake maƙala wa tana ko gutsuren nama ba ce. Ana ɗaure gashin tsuntsu da gashin dabba da zaren siliki a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Wannan ƙwaron bogi ba shi da nauyin da za a iya jefa shi, don haka nauyin yana jikin igiyar. Mai fatsa yakan kaɗa doguwar sanda mai lanƙwasa gaba da baya, igiyar ta miƙe a iska, sannan ya sauke ƙwaron a kan ruwa a hankali. Akwai ƙwaron da ke nutsewa, akwai wanda ke yawo a saman ruwa.

Wahalar ita ce mai-kan-ƙarfe ba ya cin abinci sosai idan ya shigo kogi, kuma ba shi da yawa. Mutum yakan tsaya cikin ruwan sanyi har ƙugu, ya jefa igiya ta tsallaka kogin, ya bar ruwa ya ja ta har ta dawo gefensa, ya yi taku ɗaya ko biyu zuwa gangare, ya sake jefawa. Ana iya wuni, har a kwana biyu ko uku, ba a ji ko motsi ba. Nan ne amfanin ɗan jagora yake. Shi ya san bayan wane dutse kifi ke hutawa, ya san yadda ƙarin ruwa ko raguwarsa ke sauya mazauninsa, ya san inda za a iya tsallakawa da inda ruwa zai tafi da mutum. Baƙo yana biyan kuɗi ne domin ya sayi sanin da wani ya tara a shekaru.

A lokacin da Haig-Brown ya iso, yawancin masu kama wannan kifi suna amfani ne da ƙwan kifi ko ƙyalƙyalin ƙarfe, kuma da yawa sun ɗauka ƙwaron bogi bai dace da manyan kogunan yamma masu ƙarfin gudu ba. Shi da wasu tsiraru, irin su Janar Noel Money da ke fatsa a kogin Stamp, sun nuna cewa ana iya yi. Ya ƙirƙiro nasa ƙwarin da ya kwaikwayo daga ƙananan kifayen yankin, irin su Silver Brown da Silver Lady. Mafi shahara shi ne Steelhead Bee, mai kama da ƙudan zuma, wanda ke yawo a saman ruwa, ya kuma tabbatar da cewa wannan babban kifi yana tasowa daga ƙasan kogi ya cafki ƙwaro a sama a lokacin zafi. Har yau ana ɗaura shi ana amfani da shi.

Aure da zaman bakin kogi

A 1934 ya auri Ann Elmore, 'yar Seattle da ke aiki a kantin littattafai. Suka tare a Campbell River, kuma a 1936 suka sayi gidan da suka raɗa wa suna Above Tide, ma'ana wurin da ke sama da inda tunkuɗowar ruwan teku ke tsayawa. Sun haifi 'ya'ya huɗu: Valerie da Mary da Alan da Celia. Suna noma lambu, suna kiwo, shi yana rubutu da hannu, ita tana buga masa da tafireta. Ɗakin karatunsu ya tara dubban littattafai.

Garin a lokacin ƙauye ne na masu katako da masunta, amma ya riga ya yi suna wajen baƙi masu neman babban salmon. Tun tsakiyar shekarun 1920 aka kafa ƙungiyar Tyee Club, wadda ba a shiga sai mutum ya kama kifin da ya kai fam 30, kimanin kilo 13 da rabi, daga cikin ƙaramin kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu. 'Yan jagora ne ke tuƙa baƙin. Saboda haka tun farko Haig-Brown ya ga yadda abincin gidaje da yawa ya rataya a kan dawowar kifi kowace shekara.

A 1939 ya fitar da The Western Angler, babban aiki mai juzu'i biyu kan kifayen yammacin Kanada da yadda ake kama su, wanda ya haɗa sanin mai fatsa da binciken masana kimiyya. A 1941 sai Return to the River, labarin wata macen salmon a kogin Columbia na Amurka, daga ƙyanƙyasa zuwa teku zuwa dawowa. Ya rubuta shi ne a daidai lokacin da ake gina manyan madatsun ruwa a kan kogin. An gama madatsar Bonneville a ƙarshen shekarun 1930, sannan aka gina Grand Coulee ba tare da hanyar da kifi zai haura ba, abin da ya yanke salmon daga dukkan saman kogin har cikin Kanada. Littafin da ya fi ɗaukaka sunansa, A River Never Sleeps, ya fito a 1946, yana bin watanni 12 na shekara ta idon mai fatsa. Ya kuma rubuta wa yara littattafai, ɗaya daga ciki, Saltwater Summer na 1948, ya ci kyautar Gwamna Janar ta Kanada.

A farkon shekarun 1950 ya yi tafiya zuwa Chile da Ajantina domin gwada kogunan kudancinsu, inda aka kai irin tirawut daga ƙasashen arewa a farkon ƙarni na 20. Littafin da ya rubuta kan tafiyar, Fisherman's Winter na 1954, yana cikin waɗanda suka sanar da masu fatsa na Amurka ta Arewa wannan yanki, wanda a yau ya cika da masaukan baƙi da 'yan jagora.

Alƙalin ƙauye

A farkon shekarun 1940 gwamnatin lardi ta naɗa shi majistare na Campbell River, duk da cewa bai karanci shari'a a jami'a ba. A wancan zamani haka ake yi a ƙananan garuruwa: a nemi mutum mai ilimi da mutunci a ba shi kujerar. Ban da 'yan shekarun da ya yi a rundunar sojan Kanada a Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙe wannan aiki fiye da shekara 30.

Shari'un da ke zuwa gabansa na yau da kullum ne: faɗan mashaya, rikicin miji da mata, yaran da suka yi ɗauke-ɗauke, masunta da suka karya dokar su. Ya san irin mutanen, domin ya kwana a sansani ɗaya da irinsu, kuma shi kansa an taɓa korarsa daga makaranta. Ya ba da labarin wannan aiki a littafinsa Measure of the Year na 1950. Matarsa Ann kuma ta riƙa buɗe ƙofar gidansu ga matan da suka gudo daga dukan mazajensu, tun kafin a san da gidajen fakewa na hukuma. Gidan fakewar mata da ke garin a yau sunanta yake ɗauke da shi.

Wannan kujera ta ƙara wa maganarsa nauyi. Da ya tashi yin magana a kan kogi, ba a iya cewa wani baƙo ne daga birni da bai san wahalar neman abinci ba.

Rigimar tafkin Buttle

Bayan yaƙi, lardin British Columbia ya shiga zamanin gine-gine. A 1947 aka fara samun lantarki daga madatsar John Hart da aka gina a kan kogin Campbell, 'yan kilomita kaɗan sama da gidansa. A 1952 aka buɗe masana'antar takarda ta Elk Falls kusa da garin, ta ɗauki ɗaruruwan ma'aikata. A shekarar ce kuma W.A.C. Bennett ya zama firimiyan lardin, ya yi shekara 20 yana gina hanyoyi da madatsun ruwa. Jama'a na murna, domin wuta ta zo, aiki ya samu.

Sai hukumar lantarki ta lardin ta juya ga tafkin Buttle, wanda kogin Campbell ke samun ruwa daga gare shi. Yawancin tafkin yana cikin gandun Strathcona, gandun daji na farko da lardin ya keɓe tun 1911. Shirin shi ne a datse shi a mayar da shi rumbun ajiyar ruwa. Hakan na nufin ruwa zai haɗiye tsofaffin itatuwan bakin tafkin, da filayen da namun daji ke kiwo, da bakunan rafukan da tirawut ke zuba ƙwai.

Haig-Brown ya tsaya ya ce bai yarda ba. Ya yi rubuce-rubuce a jaridu, ya yi magana a rediyo, ya bayyana a zaman sauraron ra'ayin jama'a, ya haɗa kai da ƙungiyoyin mafarauta da masu fatsa. Hujjarsa ita ce, idan har za a iya shiga gandun da doka ta keɓe a duk lokacin da aka ga riba, to keɓewar ba ta da ma'ana. Bai ce kada a samar da lantarki ba. Ya nemi a lissafa abin da za a rasa kamar yadda ake lissafa abin da za a samu, a kuma nemi wurin da ɓarnar za ta fi sauƙi.

Matsayin nan bai yi wa kowa daɗi ba a garin da ke ganin arzikinsa a jikin wutar lantarki da masana'anta. Ga shi kuma ma'aikacin gwamnatin da yake suka ne. An kwashe shekaru ana ja-in-ja. A ƙarshe ba a gina madatsar a bakin tafkin ba, aka gina ta can ƙasa a tafkin Upper Campbell, aka kammala ta a 1958. Duk da haka ruwan ya taso ya haɗe tafkunan biyu, ya ci bakin Buttle. Abin da masu adawa suka samu shi ne ruwan bai kai tsayin da aka so da farko ba, kuma an tilasta sare itatuwan bakin tafkin a kwashe kafin ruwa ya rufe su, maimakon a bar kututtura suna ruɓewa a ciki kamar yadda aka yi a wasu wuraren. A shekarun 1960 kuma aka ba wani kamfani izinin haƙar ma'adinai a cikin gandun, kusa da kudancin tafkin, nan ma ya yi adawa, nan ma aka yi.

Idan aka auna da abin da ya nema, kaye ya sha. Amma rigimar Buttle tana cikin na farko a tarihin lardin da talakawa suka tsaya gaban hukuma a kan muhalli har aka sauya shiri, kuma waɗanda suka zo daga baya sun ɗauki darasi daga gare ta.

Lokaci ya kuma gaskata shi a kan wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kifi ba ya zuba ƙwai a kan laka ko falalen dutse, sai a cikin tsakuwa mai tsabta da ruwan sanyi ke ratsawa. Kogi ne ke gangaro da sabuwar tsakuwa daga tuddai kowace shekara. Madatsa tana tare ta, ruwan da ake saki kuma yana kwashe wadda ta rage a ƙasa. A yau sai an ɗebo tsakuwa da motoci da na'urori an zuba a kogin Campbell domin kifi ya sami wurin haihuwa.

Kogin da ba a datse ba

Babban faɗan da ɓangarensa ya yi nasara shi ne na kogin Fraser, ɗaya daga cikin manyan kogunan salmon na duniya. Tun shekarun 1950 aka riƙa kawo shawarar gina wata katafariyar madatsa a Moran, arewa da garin Lillooet, aka kuma sake tayar da maganar a farkon shekarun 1970. Da an gina ta, da ta rufe wa kifi hanyar zuwa babban ɓangare na saman kogin, ta kuma tare lakar da ke ciyar da bakin teku. Haig-Brown na cikin fitattun muryoyin da suka yi adawa, tare da masunta na kasuwa da al'ummomin asali da masana kimiyya. An yi watsi da shirin, kuma har yau babu madatsa a kan ainihin gangar kogin Fraser.

A wannan lokaci ya riga ya zama dattijon ƙasa. A 1970 aka naɗa shi uban Jami'ar Victoria, yaron da bai gama sakandare lafiya ba. Ya kuma zama wakili a hukumar haɗin gwiwa ta Kanada da Amurka mai kula da salmon na kogin Fraser.

Ya rage kamu, ya koma kallo

Abin da ya fi ba masu karanta shi mamaki shi ne yadda ya sauya a ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya haura shekara 50 sai ya koyi nutso da gilashin ido da bututun numfashi. Ya riƙa shiga kogin da ke bayan gidansa yana bin ruwa, yana kallon kifayen da ya shekara 30 yana hasashen halinsu daga sama. Ya ga inda suke kwanciya, ya ga yadda suke kauce wa ƙugiya, ya kuma ga raunukan da raga da ƙugiya suka bar musu. Ya bayyana wannan a Fisherman's Fall na 1964, na ƙarshe a jerin littattafansa huɗu kan lokutan shekara. Daga nan sha'awarsa ta kamawa ta ragu, ta kallo ta ƙaru.

Tun kafin haka ya daɗe yana jan hankalin masu fatsa cewa yawan kifin da mutum ya kashe ba shi ne ma'aunin gwaninta ba, kuma duk wanda ke cin moriyar kogi akwai bashin kogin a kansa. Ya fara shirin farfaɗo da wani ɗan rafi mai suna Kingfisher da ya ratsa filinsa, wanda gine-gine suka karkatar, domin kifi ya dawo cikinsa. Bai ga kammaluwar aikin ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Roderick Haig-Brown ya rasu kwatsam a gidansa ranar 9 ga Oktoban 1976, yana da shekara 68, ba da daɗewa ba bayan ya ajiye aikin alƙalanci. Ya bar littattafai fiye da 25. Ann ta ci gaba da zama a gidan har rasuwarta a 1990. A yau gidan wurin tarihi ne, marubuta kan zauna a cikinsa na 'yan watanni su yi aiki, kuma abokansa sun kammala aikin rafin Kingfisher. Akwai dutse mai sunansa a gandun Strathcona, kusa da tafkin da ya yi faɗa a kansa. A 1977 aka keɓe gandu a bakin kogin Adams, inda jajayen salmon ke taruwa da ɗimbin yawa duk bayan shekara huɗu, aka sa masa sunansa. A 2018 aka mayar wa wurin da sunan Tsútswecw, na harshen al'ummar Secwépemc masu asalin ƙasar.

Dokokin fatsa na British Columbia a yau sun yi kusa da abin da ya yi ta kira a kai. Duk mai-kan-ƙarfe na daji da aka kama dole a sake shi da ransa. Wanda ake iya tafiya da shi, a kogunan da aka yarda, shi ne na gidan ƙyanƙyasa, wanda ake gane shi da yanke ɗan ƙaramin fiffiken bayansa. A koguna ba a amfani da ƙugiya mai ƙaya, domin a iya zare ta ba tare da yaga bakin kifi ba. 'Yan jagora a kogunan Skeena da Bulkley da Dean suna karɓar baƙi daga Turai da Amurka da Japan, waɗanda ke biyan kuɗi masu yawa domin su riƙe kifi na ɗan lokaci a cikin ruwa, su ɗauki hoto, su sake shi. Kifi ɗaya mai rai yana iya kawo wa ɗan jagora baƙo fiye da ɗaya.

Sai dai sakin kifi kaɗai bai wadatar ba, kamar yadda shi kansa ya sha nunawa. A 2018 kwamitin masana da ke tantance halittun da ke cikin haɗari a Kanada ya ayyana mai-kan-ƙarfe na kogunan Thompson da Chilcotin, rassan Fraser, a matsayin wanda ke gab da ƙarewa, bayan waɗanda ke dawowa sun ragu daga dubbai zuwa 'yan ɗaruruwa. Ragar masu kama salmon da ke haɗawa da shi, da ɗumamar ruwa, da lalacewar rafuka duk suna cikin dalilan. An rufe fatsarsa a kogin Thompson, kuma ƙauyukan da ke cin abinci daga baƙin da ke zuwa dominsa, irin su Spences Bridge, sun ji a jikinsu.